Kubewar Da Ta Sha Turare

Ni Jibril Mai Turare, wanda duk unguwar Rumde Ajiya ta sani, zan ba ku labarin zaluncin da masu lambu suka yi mini. Ba ƙara nake kaiwa ba. Na riga na yafe musu, sauran bayani su yi shi ranar da za a tambaye su. Ina dai so a san cewa a garin Garwa an taɓa yin mutum mai ladabi, aka saka masa da dariya.

Abin ya faru zamanin mulkin Shugaba Ahijo, lokacin da mallakar akwati a gidan waya ta fi mallakar keke daraja. Ni kuwa ina da shi. Buwat postal, da lambarsa da ɗan makullinsa, wanda nake ratayawa a wuya a saman riga domin kar ya ɓata, ba domin a gani ba kamar yadda mahassada ke faɗa. Matsalar ɗaya ce, babu mai rubuto mini. Kullum in je in buɗe, in leƙa, in rufe da ƙarfi yadda na kusa da ni za su ɗauka takardu ne suka hana ƙofar rufuwa.

Wanda ake rubuto wa ta akwatina shi ne maƙwabcina Shu'aibu, mai lambu a bakin Binuwai, mutumin da ko takalmin kirki ba shi da shi. Na ara masa lambar ne saboda Allah. Sai ga ambulan na zuwa masa daga Marwa, daga Colire, in ka girgiza ka ji caka-caka. Ni mai akwati in ɗauko, in kai wa mai kaushi.

Wata rana na ce, "Shu'aibu, tsakuwa ake aiko maka?"

Ya ce, "Iri ne, Jibo. Mu 'yan kaɗan ne muke musaya. Modibbo Salmanu a Dugoi can Marwa, Madam Léontine a Colire, sai ni da wasu."

"Nawa ake biya?"

"Ba a biya. Abin da ya tsiro a gidanka shi kake aikawa, ba na kasuwa ba. In an aiko maka, ka ɗebi rabi ka shuka, ka tura rabi gaba. Ba a yabon iri a takarda, sunansa kawai ake sawa. Kuma ba a barin ambulan ɗin mutum ba amsa."

Ya farke ɗaya a gabana. Sai toka ta zubo masa a cinya.

Na ja da baya. "Me ka yi wa Modibbon nan da ya aiko maka da sharar murhu?"

"Toka ce ke hana ƙwari cin iri."

"A kasuwa in na ba mutum kaya da toka, gobe a gaban alƙali za mu gaisa. Ku dai ba ku da mai koya muku ladabi. Ka sa sunana."

Ya dube ni daga hula zuwa ƙafa. "Kai da ko barkono ba ka taɓa shukawa ba?"

"Shi barkonon ya taɓa roƙona na ƙi?"

Ya yi ta dariya har da tari, amma ya rubuta musu cewa an samu sabon shiga, mai son kubewa. Zancen kubewar ni na faɗa, domin na riga na san inda zan samo ta.

Uwargidana Ummuhani tana da wata 'yar gora da take ratayewa a madafa, sama da murhu. A ciki akwai irin kubewar mahaifiyarta, marigayiya Dada Hindu, wadda ta taho da shi daga ƙauyensu tun tana amarya. Ja ce, gajeriya, mai yauƙin da in ka ɗaga loma sai ka miƙe tsaye kafin ya tsinke. Ba a samunta a kasuwa, ba a samunta a gidan kowa. Kowace damina Ummuhani takan shuka layi ɗaya a gefen madafa, mu sha miya, ta bar na ƙarshe su bushe ta mayar cikin gora. Abin da Dada ta bar mata ke nan, sai wata tsohuwar tasa.

To, doka ta ce abin da ya tsiro a gidanka. Gidan na wa? Nawa. Ku riƙe wannan, domin daga baya an yi ta magana kamar sata na yi.

Ranar da ta tafi suna Pitowa, gidan yayanta, na sauko da gorar na juye a faranti. Abin da na gani ya ba ni kunya. Toka fal, irin ya yi furu-furu kamar wanda ya kwana a bakin hanya. Wannan zan aika wa malami guda a Marwa da sunana a bayan ambulan? Na zuba ruwa na wanke shi tas. Na zauna na tsince manya masu cika ido, ƙananan baƙaƙen da ruwan tokar na zagaya bayan gida na watsar a bakin makwarara. Na shanya zaɓaɓɓun suka sha iska, na murza su da man gyaɗa har suka fara ƙyalli.

Sai aikin gwaninta. A sana'armu ko ƙyallen goge hannu ba ya barin shago bai sha hayaƙi ba. Na hura gawayi a kasko, na zuba turaren wuta na amare, wanda na haɗa da sandal da hawi da wani sirri da ba zan faɗa a nan ba. Na ɗora rariyar ƙarfe a kai, na baza irin, na rufe da zane. Ban yi rowar wuta ba. Na bar su har suka fara 'yar tsalle suna tas-tas, alamar ƙamshi ya ratsa su. Da na buɗe, launinsu ya koma kamar na gahawa. Wallahi ko a ɗaurin auren 'yar lamiɗo aka raba su ba za a ji kunya ba.

Shu'aibu ya ce cikin cokali ɗaya ake aikawa. Cokali na masu ƙaramar zuciya ne. Na juye duka a ambulan babba, mai rubutun wasiƙa na ƙofar gidan waya ya sa adireshin Dugoi, na manna tambur, wato kan sarki, har kusan ba wurin suna. Ma'aikacin ya sunsuna ya ce, "Misye Jibril, lefe ne?" Na ce masa ilimi ne.

Ummuhani ta dawo, kwana biyu ba ta lura ba. Rana ta uku na ji madafa ta yi shiru irin shirun da ba na alheri ba. Ta fito da gorar a hannu, ta kife ta a gabana. Ko ƙwaya.

"Maigida, ina kubewar Dada?"

"Ta tafi Marwa."

"Asibiti?"

"Musaya. Za a aiko mana da wadda ta fi ta."

Ta zauna a bakin tabarma. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Duka?"

"Mutum kamata ba ya aika rabi."

"To ka ji. In damina ta wuce ban ga jar kubewa a gidan nan ba, ni da gorar nan za mu koma Pitowa, ka zauna da akwatinka ya riƙa yi maka tuwo. Kafin nan kuma kuka za ka sha."

Ta cika alkawarin kukar. Safe kuka, dare kuka, ranar Juma'a kuka da ɗan kifi domin girman rana. Har na fara ganin bishiyar kuka a hanya ina sauya titi.

Ana gab da faɗuwar ruwa sai ga ambulan a akwatina, da sunana, daga Colire. Na zagaya kasuwa da ita a aljihun gaba, bakinta a waje, kafin na kai gida. A ciki 'yar takarda mai kalma ɗaya, gombo, wato kubewa da Faransanci, da gaisuwar Madam Léontine, sai ƙunshin iri. Da toka, ba shakka. Waɗannan mutanen ba sa jin magana.

Na wanke. Sai ga iri manya, masu ƙyalli, launin gahawa. Na ce to, ashe a Colire ma akwai mai ido. Har wani ƙamshi-ƙamshi na ji, amma mai turare duk abin da ya taɓa ƙamshi yake, na ɗauka hannuna ne. Na kai wa Ummuhani a tafin hannu.

"Dubi iri. Wannan in ya tsiro, ta Dada sai ta yi masa gaisuwa."

Ta duba, ta sunsuna, ta dube ni. Ta ce, "Allah ya raya." Ta koma kan kukarta.

Saboda karamci na sake yi wa baƙon iri gata a kasko, ɗan kaɗan, ya huce gajiyar hanya. Rabin da ya kamata in tura gaba na riƙe, domin abu mai kyau ba a gaggawar rabuwa da shi. Kuma ban shuka a gefen madafa kamar mata ba. A ƙofar gida na sa aka yi kunya-kunya, bakin titi, inda kowa ke wucewa masallaci. Na sa mai fenti ya rubuta allo da Faransanci, Jardin Jibril, wato Lambun Jibril, a ƙasa kuma da ajami, Kubewar Colire, a kalla da ido. Ranar shuka na sa babbar riga. Ruwa ya sauka a daren, kamar an yi shawara da ni.

Kubewar Shu'aibu ta fito. Ta masallaci ta fito. Har wadda yara suka zubar a bola ta fito. Tawa ta tsaya nazari.

Shu'aibu yakan tsaya da safe, fartanya a kafaɗa, ya yi mini gaisuwa. "Jam na, Sarkin Iri? Baƙin ba su tashi ba?"

"Irin manya ba ya sammako."

"Ko dai ba su da lesefase, takardar shiga gari?"

"Ka wuce, inuwarka na tsorata su."

Waɗanda suka fara gane darajar irin kajin Rahamatu ne, bazawarar da ke gidan da ke kallon namu. Tun asuba sai su tsallako titi a jere kamar 'yan lakol masu zuwa aji, su hau tono. Ba su taɓa kula lambun kowa haka ba. Na kore su da tsintsiya, suka dawo da zakara. Na jefi ɗaya da takalmi, takalmin ya faɗa cikin kwaryar kokon Rahamatu.

Ta fito, ɗankwali a hannu. "Malam Jibril, me kazata ta ci maka?"

"Iri daga Colire, wanda ya zo da tambur."

"To ka gode mata, ita kaɗai ta amfana da shi. Ka ga kajin nan tun da suka fara zuwa wurinka har ƙamshi suke. Jiya na yanka ɗaya, baƙona ya ce wace amarya aka yi."

Masu dawowa daga masallaci suka tsaya. Na ce ba na musu da mace a titi, na biya koko, na shige.

Na gane ƙasar ce ba ta kai matsayin irin ba. Na sa aka kawo taki daga mayanka, ɗanye, amalanke guda. Da rana ta buga shi, ƙudan Garwa gaba ɗaya suka yi taro a ƙofar gidana. Liman ya fara zagayawa ta bayan layi. Mai unguwa ya aiko a tambaya ko wani abu ya mutu. Masu sayen turare suka riƙa cewa in kayana na da kyau in fara gwadawa a gida. Na rufa zana a kan kunyoyin saboda na ji an ce ƙasar Colire duwatsu ne, ƙila irin bai saba da ruwa mai yawa ba. Na cire zanar saboda ƙila bai saba da duhu ba. Da wasu korayen abubuwa suka leƙo na tara mutane na nuna musu, Shu'aibu ya durƙusa ya ce, "Barka, Jibo. Ka yi gyaɗar awaki." Ciyawa ce, ta zo cikin takin.

A ƙofar gida ana wannan, a bayan gida kuma wani haushin. Bakin makwarara wasu tsire-tsire masu jan kara suka taso ba wanda ya gayyace su, wani ya kewaye su da ƙaya. Na ɗauko fartanya zan share, kar baƙi su ga ƙazanta. Sai ga Ummuhani a bayana da muciya.

"Taɓa ɗaya."

"Ciyawar kwata ce fa."

"Ni ma kallonta nake. Kai da lambunka, ni da kwatata."

Na bar mata. Mace in tana fushi ko dutse sai ta yi masa shinge.

Damina ta yi nisa, Ummuhani ta fara wanke tasar Dada tana ninke zannuwa a akwati inda zan gani. Nan na zauna na yi tunani irin na masu hankali, na gano gaskiya: an cuce ni. Matar Colire ta ga sabon shiga, mai akwati, ta aiko masa mataccen iri. Na je wurin mai rubutun wasiƙa na ce ya zaɓo Faransanci mai zafi, irin na ofishin sufurefe, babban jami'in gwamnati. Na kira ta ta zo Garwa ta ga aikinta. Na rubuta wa Modibbo Salmanu ya zo ya yi hukunci, shi da ya ga irin kirki daga hannuna zai san bambanci.

Shu'aibu ya ce, "Jibo, a musayar nan in iri bai fito ba, shiru ake yi. A gode, a ce Allah bai nufa ba, a sake aikawa. Ba a taɓa kiran mutum shari'a ba."

"Shi ya sa ba ku ci gaba ba."

Suka amsa za su zo, su biyun, cikin sauri har abin ya ba ni mamaki. Na ɗauka tsoro ne.

Ranar, bayan la'asar, na shimfiɗa tabarmi a gaban kunyoyin, na gayyaci mai unguwa da liman da 'yan kasuwar layinmu. Waɗanda ban gayyata ba suka fi yawa. Rahamatu ta kawo kujerarta. Modibbo Salmanu ya iso, dattijo siriri mai farin gemu da sanyin murya. Madam Léontine ta sauko daga babbar mota da taɓon hanyar Colire har gwiwa, mace ƙaƙƙarfa, jaka a hammata, fuskarta ba ta zo wasa ba.

Na miƙe na gyara hula. Na yi bayanin ladabi, na yi bayanin amana, na nuna allo, na nuna ƙasa. Na ce, "Jama'a, ga abin da aka aiko wa mutumin da ya ba da mafi kyawun abin da ke gidansa. Madam, a gaban manya, wannan iri daga lambunki ya fito?"

Ta ce, "A'a."

Na juya ga jama'a na buɗe hannuwa. "Kun ji da kunnenku."

"Misye Jibril, ban gama ba. An ce mini sabon shiga na son gombo. Nawa ƙanana ne, na ji kunya. Sai ga wani mai kyau ya zo mini daga Marwa, na raba biyu na aiko maka, kamar yadda ake yi. Nawa rabin na shuka, na cire tumatir saboda shi. Ko ɗaya. Na yi shiru don kar in kunyata Modibbo. Sauran da ya rage mijina Marcel ya daka ya dafa, ya ce ya fi gahawar kanti."

Aka fara motsi a tabarma. Na ce, "Ashe daga Marwa cutar ta taso. Allah gafarta Modibbo, ban so abin ya kai kanka ba."

Modibbo ya shafa gemu. "Ni ma ban so ba, Malam Jibril. Nawa ma bai fito ba, na yi shiru don kar in kunyata wanda ya aiko mini. Ya zo da yawa, tsirara ba toka, sai na tausaya masa na zuba masa tawa, na tura wa Madam rabi."

"To wane mara tsoron Allah ne ya aiko maka?"

"Ambulan babba ce. Tambur har ba wurin suna."

Duk idanu suka juyo kaina. Ko kajin Rahamatu sun tsaya.

Na ce, "A Garwa masu manna tambur da yawa ba su ƙirguwa."

"Da lambar akwatinka a baya. Kuma ɗakin karatuna ya yi mako yana ƙamshin sandal, har iyali suka fara yi mini tambayoyi. Na ɗauka takardar ka shafa wa."

Shu'aibu, wanda ba a sa shi ba, ya tona kunya da yatsa, ya zaro ƙwaya ɗaya da kaji suka manta, ya goge a riga, ya jefa a baki. Ya tauna. Ya lumshe ido.

"Jibo, gishiri kawai ya rage."

"Turarawa na yi, ba suya ba."

"A kan me?"

"A kan kasko, kamar yadda ake yi wa duk abin da ake girmamawa."

"Har yaushe?"

"Har suka fara tsalle."

Madam Léontine ta ce, "Suka fara me?"

Liman ne ya fara dariya, shi da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya rufe baki da carbi, kafaɗunsa na rawa. Mai unguwa ya juya baya wai yana duba allo. Rahamatu ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa domin ta ji daɗin yi sosai. Wani daga baya ya ce irin ya je Marwa, ya je Colire, ya dawo gida, ya fi mai shi yawon duniya. Shu'aibu ya ƙara da cewa, "Kuma da ya dawo ka sake turara shi?" Rahamatu ta ce ta ga hayaƙi.

Na ɗaga murya a kan hayaniyar. Na ce ni dai ban aika wa kowa shara ba. Na ce a nuna mini wanda ya taɓa buɗe ambulan ɗina ya yi atishawa. Na ce in iri ba zai iya jure ɗan ƙamshi ba, wannan raunin irin ne. Har yau ban ga wanda ya rushe waɗannan hujjoji ba, dariya kawai aka yi, dariya kuwa ba hujja ba ce.

Modibbo kaɗai bai yi ba. Ya jira aka lafa, ya ce, "Malam Jibril, irin na wane ne asali?"

Shu'aibu ya daina tauna. Ya ce a hankali, "Ba dai jar kubewar Dada Hindu ba?"

Na ce ta gidana ce.

"Ka bar saura?"

Na gyara makullin wuyana.

Tsofaffin unguwa duk sun san Dada, da yawansu sun sha miyar nan ranar sunan 'ya'yana. Wurin ya yi wani irin sanyi. Madam Léontine ta ce da ta sani da ba ta bar Marcel ya sha ba. Ni kuwa ina hango akwatin zannuwa da motar Pitowa, da kaina ina hura wuta da babbar riga.

Sai muryar Ummuhani daga cikin zaure. "Modibbo, sannunku da hanya. In ba za ku ji ƙyama ba, ku zagaya bayan gida."

Taro ya tashi gaba ɗaya, aka bar ni da allo. Dole na bi. A bakin makwarara, cikin shingen ƙaya, ciyawar nan da na so sharewa ta kai ƙugu, karanta ja, ga 'ya'ya gajeru jajaye sun yi tsaye kamar yatsu. Madam Léontine ta durƙusa cikin taɓo ba ta damu ba, ta ɓalle ɗaya, ta ja yauƙin tsakanin yatsunta har tsawon hannu bai tsinke ba. Modibbo ya ce masha Allah sau da yawa.

Na ratsa zuwa gaba. "Yauwa. Dama nan nake shirin kawo ku. Na gaba gwaji ne, wannan ne ainihin lambun. Ni na zaɓi wurin da hannuna."

Ummuhani ta leƙo ta kan katanga, mayafi a ka. "Haka ne, Modibbo, shi ya zubar. Ƙananan da ya ce ba su da kyan gani. Allah ya taimake su ba su burge shi ba."

A nan bakin kwata aka yanke hukunci, ba a ma koma tabarma ba. Modibbo ya ce in kaka ta yi, suna roƙon uwargida cokali ɗaya-ɗaya, da tokarsa. Madam ta ce za ta aiko mata da yakuwa da wani barkono na dutse. Ni kuma aka ce, cikin ladabi irin na Modibbo, in huta. Na tunatar da su cewa in ba ni, ba akwati. Shu'aibu ya ce ai ba wanda ya kori akwatin.

A daren aka yi miyar kubewa a gidana karo na farko tun bazara. An fitar wa baƙi kwano biyu, an aika wa Rahamatu, an aika wa liman. Nawa ya zo a rufe. Na buɗe, kuka. Na ce, "Ummu, ai kubewar ta dawo." Ta ce, "Ta dawo. Tana hutawa daga hannunka."

Sai da aka kwana uku kafin na ɗanɗana, kuma zan faɗi gaskiya, da an ɗan turara ta da ta fi haka.

Yanzu akwatina ba ya rabuwa da wasiƙa. Daga Marwa, daga Colire, har daga wuraren da ban san da su ba, duk da sunan Madam Ummuhani. Ni nake ɗaukowa. Ma'aikacin gidan waya yakan miƙo mini ya ce in kai a ɗanye. Allon Jardin Jibril yana nan, da shi aka toshe ɓarakar da kaji ke bi. Gorar Dada kuwa ta bar madafa, ta koma cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makullin a wuyan Ummuhani, a saman riga inda kowa zai gani. Na tambaye ta wannan wane irin nuna kai ne. Ta ce domin kar ya ɓata.